Wata biyar muna jiran a faɗa mana sunan ciwon ƙanena: haka jiran limfoma yake a ko'ina?

Yayan_Auwalu:
Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa cewa uffan ba, amma yau damuwa ta sa dole in nemi shawararku. Ƙanena mai shekara 24 ya wayi gari da ƙululu a gefen wuyansa na hagu, kamar girman goro, ba ya yi masa zafi ko kaɗan. Mai kemis ya ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu, bai sauka ba. Muka je asibitin garinmu, suka ce tibin kaluluwa ne, suka ɗora shi a kan maganin tarin fuka, ya sha wata biyu cur bai tsallake ko kwana ɗaya ba. Maimakon sauƙi, sai ƙululu na biyu ya fito a saman ƙashin wuya, ga zufar dare har sai mahaifiyarmu ta canza masa zanin gado, ga rama har wandonsa ba ya tsayuwa sai ya ƙara wa bel ɗinsa huda. Daga nan aka tura mu asibitin koyarwa. Da farko sun zuƙo ruwan ƙululun da allura, bayan mako biyu takarda ta fito cewa abin da aka samu bai isa a yanke hukunci ba. Muka ƙara jiran mako uku kafin a sami gurbi a tiyata a ciro ƙululun gaba ɗaya. Yau mako biyar ke nan da aikin, kuma duk ranar da muka je sai a ce mu dawo. Likitan ya ce yana zargin limfoma, wato dajin kaluluwa, amma ba zai fara magani ba sai sakamako ya fito. Tambayata ita ce, wannan jira haka yake a ko'ina, ko mu ne ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba? Kuma har tsawon wane lokaci mai wannan ciwo zai iya jira ba tare da an makara ba?

Hajiya_Mai_Atamfa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗana, abin da ka rubuta kamar labarin mijina nake karantawa, domin shi ma sai da ya sha maganin tibi wata huɗu kafin a gane ba shi ba ne. Kada ku zauna a gida kuna jiran kira, ku riƙa zuwa da ƙafarku.

Likitan_Jini:
Malam Yayan Auwalu, Allah ya sawwaƙe. Ba zan iya yi wa ƙanenka hukunci daga nesa ba, amma zan yi bayanin abin da ya shafi jiran. Limfoma suna ne da ya tattara ciwuka fiye da iri 60, waɗanda aka kasa gida biyu manya, wato na Hodgkin da waɗanda ba na Hodgkin ba, kuma saurinsu ya sha bamban ƙwarai. Akwai mai tafiyar hawainiya wanda mutum zai yi shekaru da shi, akwai wanda yake girma cikin makonni, akwai kuma na Burkitt wanda ƙwayoyinsa kan ninka cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Saboda haka amsar tambayarka ta biyu tana cikin takardar da kuke jira, wannan ne ma ya sa jiran sakamako ya fi kowane jira nauyi, domin kafin ya fito babu wanda ya san da wane irin abokin gaba ake yaƙi.

Likitanku yana da gaskiya da ya ƙi fara magani da ka, tunda maganin Hodgkin daban yake da na sauran. Batun tibi kuma, a ƙasar da tarin fuka ya yi yawa kamar tamu, zazzaɓi da zufar dare da rama da kumburin kaluluwa duk alamomi ne da ciwukan biyu suka yi tarayya a kai, don haka ba abin mamaki ba ne a fara zargin tibi. Inda kuskure yake shi ne a ɗora mutum a kan magani ba tare da gwajin da ya tabbatar ba, sannan a ga ƙululu yana ƙaruwa a ci gaba da cewa a ƙara haƙuri. Zuƙo ruwa da siririyar allura kuwa sau da yawa ba ya wadatarwa a limfoma, domin mai dubawa yana bukatar ya ga yadda ginin kaluluwar yake a dunƙule. Abu ɗaya nake roƙonka: kada kowa ya ba shi firednisolon ko deksa kafin a kammala gwaji, sai da umarnin likitansa. Waɗannan magunguna suna sa ƙululun ya sace na ɗan lokaci, iyali su yi murna, alhali sun ɓata hoton da ake nema idan aka bukaci sake ɗaukar samfur.

Nas_Daga_Ingila:
Ina aikin jinya a sashen masu ciwon jini a nan Ingila, bari in faɗi yadda tsarin yake a rubuce. Tun daga watan Oktoba na 2023 aka taƙaita ƙa'idojin jiran ciwon daji zuwa guda uku. Ta farko, idan likitan unguwa ya tura mutum cikin gaggawa bisa zargin daji, a gaya masa yana da shi ko ba shi da shi cikin kwana 28. Ta biyu, daga ranar da aka yanke shawarar magani zuwa ranar fara shi kada a wuce kwana 31. Ta uku, daga ranar turawa zuwa fara magani kada a wuce kwana 62, kuma burin da aka sa shi ne a cimma wannan ga kashi 85 cikin 100 na marasa lafiya. Amma kada a ɗauka nan aljanna ce, domin rabon da a cimma wannan buri na kwana 62 a faɗin Ingila tun watan Disamba na 2015. Masu limfoma ma suna cikin waɗanda kan daɗe, saboda wani za a fara tura shi wurin likitan kunne da maƙogwaro saboda ƙululun wuya, wani wurin likitan ƙirji, kafin a ƙarshe ya iso hannun likitocin jini. Na sha ganin wanda aka maimaita wa ɗaukar samfur sau biyu kamar ƙanenka. Bambancin da na gani shi ne a nan akwai agogo da yake lissafi, akwai kuma ma'aikaciyar da aikinta ke nan ta bi sawun takardun mutum daga sashe zuwa sashe.

Ɗan_Kasuwar_Kwari:
Hajiya Nas, da girmamawa, wannan lissafi na Ingila me zai amfana wa bawan Allah da yake tsaye a bakin taga ana ce masa ya dawo? Su gwamnati ce take biya, mu kuwa hatta safar hannu da auduga mu muke saya. Ni ina ganin a ba shi shawarar da zai yi aiki da ita gobe da safe.

Nas_Daga_Ingila:
Alhaji, na karɓi gyara, amma ya tambaya ne ko haka jiran yake a ko'ina. Na kawo ma'auni domin ya san cewa wata biyar ya wuce ƙima, kada wani ya sa masa a rai cewa gaggawarsa rashin haƙuri ce. Kuma wannan aiki na bin sawun takardu da na ambata, a gida ɗan'uwa ne yake yin sa, tunda babu wanda aka ɗauka dominsa.

Mai_Madubin_Lab:
Ni ma'aikacin ɗakin gwajin tsoka ne, shekarata 14 a wannan aiki, kuma zan yi ƙoƙarin ba Alhaji abin da ya nema. Idan an ciro ƙululu, ana sa shi a cikin kwalba mai ruwan fomalin domin kada ya ruɓe, ya kwana a ciki. Washegari a yanka shi, a bi da shi ta cikin injin da ke tsotse ruwan jikinsa, a dasa shi cikin kakin farafin har ya daskare ya zama ɗan dunƙule kamar sabulun otal. Daga wannan dunƙule ake fere yanka mai sirantaka fiye da fatar albasa, a shimfiɗa a gilashi, a rina, sannan likitan ƙwayoyin tsoka ya duba a madubin ƙara girman ƙwayoyi. Idan akwai wuta, akwai kayan aiki, kuma ba a bar wa likitan gilasai ɗari shi kaɗai ba, wannan mataki bai kamata ya wuce mako ɗaya zuwa kwana goma ba.

Limfoma kuwa ba ta tsayawa a nan. Bayan rinin farko ana bukatar rini na musamman wanda yake nuna tambarin da ke jikin ƙwayoyin, kamar CD20 da CD3 da CD30 da CD15, kuma da su ne ake rarrabe wannan iri da wancan. Sinadaran wannan rini daga waje ake shigo da su, suna da tsada, suna son firji, kuma suna da ranar lalacewa, don haka ba kowane asibiti yake da su a kowane lokaci ba. Wasu wuraren sukan tara samfura su yi su lokaci guda domin kada a buɗe kwalba saboda mutum ɗaya. A nan ne makonni suke salwanta.

Shawarata gare ka, Malam: kada ka tsaya a asibitin ganin likita kana tambayar ko sakamako ya zo. Ka ɗauki rasit ɗinka ka tafi sashen gwajin tsoka da kanka, ka nemi lambar da aka ba samfurin, ka tambaya cikin ladabi a wane mataki yake. An duba rinin farko? Ana jiran rini na musamman ne? Akwai sinadaran, ko babu? Idan babu, kana iya neman likitanku ya rubuta a ba ku dunƙulen farafin ɗin ku kai wani ɗakin gwaji da yake da su, domin wannan dunƙule ba ya lalacewa a hanya, yana shekaru ma a ajiye.

Maman_Ilham:
Ni ban san sunayen nan ba sai da ƙaddara ta faɗa wa ɗana. Yana shekara 7 kumatunsa na dama ya kumbura, muka ɗauka haƙori ne, har muka kai shi aka cire masa guda ɗaya da yake girgiɗi. Cikin kwana goma fuskar ta juye, idonsa ya fara turowa, ba ya iya rufe baki, yawu yana zuba a kan rigarsa. Wata likitar yara ce ta kalle shi sau ɗaya ta ce ba za mu koma gida ba a ranar. Aka kwantar da mu, aka ɗauki samfur, aka yi ta ƙara masa ruwa dare da rana, ita kuma da kanta take sauka ɗakin gwaji tana tambaya. Da aka fara allurar kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, wallahi kafin mako ya zagayo kumburin ya sace kamar an zare iska. Yanzu yana aji biyu a ƙaramar sakandare. A gadon da ke kusa da mu akwai yarinyar da aka kawo daga ƙauye bayan wata biyu ana shafa mata magani, ciwo iri ɗaya da na ɗana, ba ta kai Juma'a ba. Har yau ina tuna ɗankunnenta. Ba na so in tsorata ka, ɗan'uwana, amma ka bi maganar Mai Madubi gobe.

Malamin_Kimiyya:
Allah ya raya mana shi, Maman Ilham. Irin wanda ya kama ɗanki shi ne na Burkitt da Likita ya ambata. Sunan wani likitan tiyata ne ɗan Ailan, Denis Burkitt, wanda ya bayyana ciwon a 1958 bayan ya ga yara masu kumburin muƙamuƙi a Yuganda. Bincike ya nuna ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma daga samfurin wannan ciwo ne aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin yaƙi da dajin yara da burin kashi 60 cikin 100 su tsira nan da 2030, ta kuma sa Burkitt da Hodgkin cikin ciwuka shida da ta fi mai da hankali a kansu, saboda suna jin magani idan an zo da wuri.

Baba_Na_Tudu:
Ni dattijo ne, ku yi mini uzuri. Tun muna yara muke ji cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fusata ya bazu. Ƙanwata an yanka nata, ba ta yi wata uku ba ta rasu. Shi ya sa da na ji an yanka wuyan yaron nan gabana ya faɗi. Ina tambaya ne domin in sani, ba don in yi gardama da masu ilimi ba.

Likitan_Jini:
Baba, Allah ya jiƙan ƙanwarka, ya sa ta huta. Tambayarka tana da muhimmanci, domin wannan magana tana cikin abubuwan da suke ƙara wa mutanenmu watanni a gida. Ciro kaluluwa domin gwaji ba ya yaɗa limfoma. Ciwo ne na ƙwayoyin da dama aikinsu yawo a cikin jini da magudanan jiki, shi ya sa ma maganinsa na asali ba tiyata ba ce, allurai ne da suke zaga jiki duka. Abin da yake faruwa shi ne ana kawo mutum bayan ciwon ya ci jiki, a ɗauki samfur, ya rasu ba da jimawa ba, sai a ɗora wa wuƙar laifin da na jinkiri ne. Abin da nake tsoro shi ne sakiya da tsaga a gida, waɗanda suke buɗe gyambo a jikin da garkuwarsa ta yi rauni.

Zango_Kumasi:
Likita, ni kuma abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Kawuna an tabbatar masa da limfoma a nan Gana, amma aka ce ya koma gida ya riƙa zuwa duk bayan wata uku, ba a ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Iyali suka ce an sallame shi ne ya je ya jira ajali. Ga shi yanzu shekara biyu yana zuwa shagonsa. Ta yaya wani ake cewa kwana ɗaya ma asara ce, wani kuma a ce ya jira?

Likitan_Jini:
Ɗan'uwa na Kumasi, da alama na kawunka mai tafiyar hawainiya ne, kamar wanda ake kira folikula. A irin wannan, idan mutum ba shi da alamomi masu damuwa, fara kimo da wuri ba ya ƙara masa tsawon rai, sai dai ya ɗora masa wahalar magani, don haka ake sa ido a jira. Wannan jira ne da likita ya zaɓa bayan ya san sunan ciwon da inda ya kai. Na Auwalu kuwa babu wanda ya zaɓe shi, kuma yana da zufar dare da rama.

Ɗan_Damagaram:
Mu a nan Nijar nisa ne yake cin kwanakinmu. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma a can cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa take, wadda sai a 2021 ta fara gashi da na'urar haske. Lokacin jinyar matar yayana, kowace tafiya sai an nemi kuɗin mota na mutum biyu da wurin kwana, ga gona an bari a tsakiyar damina. Sau biyu muka tsallake ranar allura saboda haka. Idan ana lissafin jira, a riƙa sa wannan a ciki.

Ɗan_Kasuwar_Kwari:
Ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ko sakamako ya fito gobe, akwai jira na biyu, wato jiran kuɗi. Lokacin ciwon abokin cinikina, likita ya rubuta haɗin da ake kira R-CHOP, zagaye shida, duk bayan kwana 21. Wannan R ɗin, wato rituksimab, ita kaɗai ta fi sauran huɗun tsada nesa ba kusa ba. Muka yi karo-karo a layinmu muka sayi zagaye biyu, na uku ya makara da mako huɗu. Na ji labarin asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya da aka fara a 2021, da na bincika sai na tarar da dajin mama da na bakin mahaifa da na furostet, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, aka fara da su. Yayan Auwalu, ku fara tara dangi tun yanzu, kada ku jira takarda.

Na_Warke_Alhamdulillah:
Ni Hodgkin na yi ina shekara 27, kuma alamomina kusan irin na ƙanenka ne, har da ƙaiƙayin jiki wanda ya hana ni barci. An yi mini haɗin ABVD, allura duk bayan mako biyu har wata shida. Gashina ya zube, na yi amai, na rame, amma ga ni shekara biyar ke nan, na yi aure har da 'ya. Abin da na koya shi ne kwanakin jira ba sai an zauna hannu rabbana ba. Kafin a fara kimo za a bukaci hoton ƙirji da ciki domin sanin matakin ciwon, da gwajin ƙanjamau, da na ciwon hanta nau'in B, da gwajin ƙoda, da hoton zuciya saboda ɗaya daga cikin alluran tana taɓa ta. Ni sai bayan sakamako ya fito aka rubuta mini su ɗaya bayan ɗaya, suka ci mini mako uku a banza. Ku roƙi likita ya rubuta waɗanda za a iya yi yanzu. Sannan ku zauna da Auwalu ku gaya masa gaskiya. Ni an ɓoye mini wata guda, ina ganin ana raɗa a bayan labule, kuma wannan ya fi allurar ciwo.

Nas_Daga_Ingila:
Ina goyon bayan wannan. Ƙari ɗaya: idan fuskarsa ko wuyansa suka kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya musamman in ya kwanta, ko ƙafafunsa suka yi nauyi, ko fitsari ya tsaya, kada ku jira ranar ganin likita, ku wuce sashen gaggawa a daren.

Yayan_Auwalu:
'Yan'uwa, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da safe na bi shawarar Malam Mai Madubi. Na je sashen gwajin da rasit a hannu, wata ma'aikaciya ta buɗe wani babban littafi ta bi da yatsa har ta sami lambarmu. Ashe an duba rinin farko tun kwana tara da suka wuce, an rubuta cewa ana bukatar rini na musamman, kuma sai mun biya kuɗinsa za a yi, amma babu wanda ya gaya mana, takardar tana cikin fayil. Na tsaya a barandar nan na rasa abin da zan ce. Na kira kawunmu, muka haɗa kuɗin kafin azahar muka biya, sun ce kwana goma. Likitan kuma ya rubuta mana hoton ƙirji da gwajin jini, za mu yi ranar Litinin. Daren jiya na zauna da Auwalu na gaya masa abin da ake zargi, ya yi shiru, sannan ya ce dama ya sani. Saura tambaya ɗaya, Likita: maganin tibin da yake sha, mu dakatar da shi?

Likitan_Jini:
Kada ku dakatar da kanku. Ka tafi da katin maganin tibin ranar Litinin, ka tambayi likitan ko an duba tibi a jikin ƙululun da aka ciro, domin wani lokaci ciwukan biyu sukan haɗu a jikin mutum ɗaya. Shi ne zai yanke, kuma ya rubuta wa cibiyar da take ba ku maganin.

Mai_Madubin_Lab:
Ka rubuta lambar samfurin a wayarka da kuma a takarda. Idan kwana bakwai suka cika ka leƙa ka tambaya ko an fara rinin, kada ka bari sai na goma.

Maman_Ilham:
Ka gaishe mana da Auwalu da Mama. Ranar da takardar ta fito, ka dawo ka faɗa mana ko wane iri ne.